Kwalekwalen Tatay Ambo a Kan Tebur

Kwana huɗu ke nan gawar Tatay Ambo, wato Baba Ambo, tana kwance cikin farin akwati a falon gidansa, a tsibirin Bantayan. An kafa rumfa a ƙofar gida, maƙwabta suna karta tun hantsi, kamar yadda ake yi a kowane zaman makoki don kada a bar mamaci shi kaɗai. A kan gilashin akwatin akwai ɗan tsako yana tsince shinkafa. Ba a ɗora tsako sai a kan gawar wanda wani ya jawo ajalinsa, domin duk caccakar da ya yi ta sauka a zuciyar mai laifi. Eufronio, babban ɗan mamacin, shi ya ɗora shi da sassafe, bai shawarci kowa ba.

Kowa ya san wanda ake nufi. Lindo, ƙanen Eufronio, shi ne ya matsa wa tsohon su fita kamun kifi ranar da rediyo ya ce iska na tafe. Lindo ya dawo da kwalekwalen. Tsohon kuwa sai bayan kwana biyu teku ta maido shi.

Da rana ta karkata, Lindo ya jawo kujera ya zauna gaban yayansa, wanda 'yan gida ke kira Manoy, wato Yaya, yana warin giyar kwakwa.

"Manoy, an ce shekara goma sha biyu kana raba wa masu kuɗi karta a gidan caca a birnin Cebu. Zo mu gani ko ka koyo wani abu ban da guge farar riga."

"Tashi ka wanke fuskarka, Dong," in ji Eufronio. Haka ake kiran ƙane a nan.

"Ni da kai, kartar poka. Wanda ya cinye ya ɗauki kwalekwalen Tatay."

Wannan kwalekwalen shi ne duk abin da tsohon ya bari, kuma da shi Lindo yake ciyar da 'ya'ya uku. Matarsa Perlita, wadda take raba kofi, ta tsaya da buta a hannu.

"Manoy, kada ka biye masa. Ba ya cikin hayyacinsa."

"Bar shi, Perlita," in ji Lindo. "Tsoro yake ji. Mutumin da ko teku ba ya iya kallo sai ya yi amai."

Eufronio ya ɗauki kartar ya fara cakuɗawa. Aka raba musu marafan kwalba daidai wa daida, wanda nasa suka ƙare ya rasa kwalekwale.

Eufronio ya ga irin Lindo da yawa a teburin Cebu, ya kuma san maganinsu. Mai wasan ganganci ba a tsorata shi, domin ba ya jin tsoro. Ba a yi masa burga da kati mara kyau, domin zai bi ka. Abin da ake yi shi ne a zauna, a yar da ƙananan kati, a bar shi ya kwashi 'yan tsirarun marafan da ke tsakiya yana dariya. Ba kuma a jiran mafi kyawun kati, don kafin ya zo an ƙarar da kai. Da zarar ka sami mai dama-dama, sai ka tsaya, shi da kansa zai kawo maka duk abin da ya mallaka.

Haka aka yi. Sau shida Lindo yana tura marafansa duka tsakiya, sau shida Eufronio yana yar da kati, ya ƙi bin sa.

"Wannan ne gwanin Cebu? Ku kawo masa matashin kai ya kwanta."

Wasu suka yi dariya kaɗan.

A rabo na bakwai Eufronio ya ɗaga gefen katinsa, ya ga goma guda biyu. Lindo ya sake turo komai, ya ce in aka bi shi, wannan rabon ne zai raba gardama. A lokacin ne Eufronio ya lura da abin da ya kamata ya gani tun farko: katin Lindo biyu suna nan kife inda suka faɗi. Bai duba su ba. Tun da aka fara bai duba ko ɗaya ba. Idonsa yana kan ƙofar falo, inda ake jin bakin tsakon yana buga gilashi.

Mai ganganci na gaske so yake ya ci. Wannan so yake a karɓe masa kwalekwalen, a gaban jama'a, kuma yayansa ne zai karɓe.

Eufronio yana iya yar da kati har marafansa su ƙare, yaran Perlita su ci gaba da cin abinci, Lindo kuma ya riƙa shiga wannan kwalekwalen kowace safiya har ƙarshen ransa. Yana iya bi, ya tura nasa marafan duka, ya ba ƙanensa hukuncin da yake roƙo, yaran su biya. Ya nemi wanne ne jinƙai a ciki, bai samu ba.

"Na bi," ya ce.

Lindo ya juya katinsa: takwas da uku. Aka buɗe kati biyar na tsakiya ɗaya bayan ɗaya, babu katin da ya taimaki Lindo. Perlita ta ajiye butar a hankali, ta shige bayan gida.

Lindo ya sauke numfashi, kafaɗunsa suka saki, irin na wanda aka sauke wa kaya.

"Na gode, Manoy," ya ce a hankali. "To, yanzu ka sauke tsakon nan."

Eufronio ya shiga falo, ya ɗauke tsakon. Yana da ɗumi a tafin hannunsa. Ta taga yana hango kwalekwalen a kan yashi, abin da bai iya tuƙawa ba, bai kuma taɓa so ba. Gobe zai iya cewa ya mayar, ya kuma san Lindo ba zai karɓa ba. Amma ba wannan ne ya tsayar da shi gaban akwatin ba. Lokacin da aka buɗe kati na ƙarshe, ya ji daɗi. Ɗan kaɗan ne, bai kai ƙiftawar ido ba, amma ya ji shi.