Hoton Malama Jummai a Rumfar Atamfa

Wata takwas ke nan da ɓarin fuskar Malama Jummai na hagu ya shanye. Ta tashi da safe ne kawai ta ji ruwan alwala yana zuba ta gefen bakinta. Tun daga ranar ta daina zuwa biki da suna, ita da ta shekara talatin da biyu tana tsayawa gaban 'yan firamare a Funtuwa, ba ta san kunyar idon jama'a ba.

Da ranar komawa wurin likita a Katsina ta zo, ta kafe ita kaɗai za ta je. Rukayya, 'yarta ta fari, ta yi magiya har ta gaji, don ita jego take yi.

"To Umma, duk inda kika kai ki turo min hoto, hankalina ya kwanta."

Ta kuwa cika alkawari, amma irin nata. A tasha ta ɗauki hoton motar. A Malumfashi ta ɗauki mai tallan gyaɗa. A asibiti ta ɗauki bencin jira da jakarta a kai. Likita ya duba ta, ya sa ta rufe ido, ta hura kumatu, sannan ya ce akwai ci gaba, amma kada ya ɓoye mata, mai yiwuwa fuskar ba za ta koma daidai yadda take da ba. Ta yi masa godiya ta fito.

Azahar ba ta yi ba tukuna, kuma ba ta jin komawa gida yanzu. Sai ta hau a-daidaita-sahu zuwa Babbar Kasuwa, don ta nemo atamfar da za ta ba Rukayya. Tana hanya saƙo ya shigo: "Umma, benci na gani. Ke nake son gani." Ta mayar da wayar jaka.

A layin 'yan atamfa ta tsaya a rumfar wata dattijuwa mai jiki, da maƙwabtanta ke kira Hajiya Indo. Suka gaisa, aka tambayi gida da gajiyar hanya. Malama Jummai tana riƙe da bakin mayafinta a kan kumatu, tana nuna zannuwa da ɗaya hannun.

"Wa za a ɗinka ma?" in ji Hajiya Indo.

"'Yata ce ta haihu."

"Masha Allah. Farar hwata ce ko irinki?"

"Kamar an tsaga kara muke."

"To ai shi ke nan. Yahwa wannan a kahwaɗa, ki ɗauka ki tura mata. In ya amshe ki, ya amshe ta."

Kafin ta ce wani abu, an ɗora mata shuɗiya mai zanen ganye a kafaɗa. Riƙe waya da riƙe zane sai da hannu biyu. Mayafin ya sauka. Hajiya Indo ta dubi fuskar sosai, ba ta kau da kai ba kamar yadda mutane suka saba yi.

"Shanyewar huska ce? Ƙanena ya yi ta. Allah shi ƙara sauƙi. Matso nan, can akwai duhu."

Malama Jummai ta juya kyamarar wayar ta koma kanta. Ta daɗe ba ta danna ba. Ga bakin nan ya karkace, ga ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa. Amma ta ga wasu abubuwan da ta mance nata ne: tsagar kalangun da aka yi mata tana jaririya, da wushiryarta, da furfurar da ta leƙo ta ƙasan ɗankwali. Ta yi tunanin wannan fuskar ce Rukayya ke gani kullum in ta kawo mata koko, ita ce jikokinta ke ja da wasa. Ashe duk gidan sun saba da ita, mai ita ce kaɗai ba ta saba ba.

Ta danna. Hoton ya fito a jirkice, rabin kanta babu. Ta sake, ya fito dishi-dishi. Hajiya Indo ta miƙo hannu za ta karɓa, ta ce a'a, ta bari ta koya. A na huɗu ya fito sosai, har da tarin atamfofi a bayanta. Ta tura kafin zuciyarta ta hana ta.

Ba a jima ba wayar ta yi ƙara.

"Umma, shuɗin nan ke ya yi wa kyau. Ki riƙe shi naki, ni ki duba min mai ruwan ƙwai. Me likita ya ce?"

"Sai na dawo mu yi maganar," in ji Malama Jummai.

Aka naɗe mata turmi biyu. Ta yi sallar azahar a bayan rumfar, a kan dardumar Hajiya Indo, suka sha fura tare, tana goge gefen bakinta da hankici ba tare da ta juya baya ba. Da ta tashi tafiya ta tambayi hanyar Hasumiyar Gobarau, don ta yi shekara da shekaru tana koyar da tarihinta a aji, ba ta taɓa tsayawa a gindinta ba. Aka kwatanta mata. Ta duba cajin wayarta, ta ga zai kai ta, ta fita bakin titi ta tsayar da abin hawa.