Hannun da Noeleen Ba Ta Ɗaga Ba

A ƙungiyar masu kallon tsofaffin finafinai ta garin Launceston, da ɗaga hannu ake zaɓen fim. Duk shekara tsoho Mervyn sai ya kawo nasa, wani fim marar kala na wani mai binciken sirri da ba ya rabuwa da malafa, wanda duniya ta manta da shi. Noeleen, shugabar ƙungiyar, takan yi dariya ta ce, "Kai da mai malafar nan naka! Sai baɗi." Kowa kuwa hannunta yake bi.

Bana aka saka shi don tausayi, bayan Mervyn ya makance. Noeleen ta zauna gefensa tana raɗa masa abin da ke faruwa. Da mai binciken ya gane matar da ta ɗauke shi aiki ita ta yi kisan, ya tsaya cikin ruwan sama ya kasa kiran 'yan sanda, sai bakin Noeleen ya mutu.

"Kin yi shiru," in ji Mervyn. "Fim ɗin ya kama ki ke nan."

"Ban san haka yake ba, Mervyn."

Ya lalubo hannunta ya ɗan bubbuga. "Ba komai. Faɗa mini dai, ruwan na zuba ta bakin malafarsa? Da bara ne, da na gani da idona."