Nauyin Kwantena

Direban ƙugiyar ɗaga kwantena ya banko ƙofar ofis, rigarsa jina-jina. Ya damƙi wuyan mai kwamfuta, ya gwara kansa da tebur.

"Karanta min nauyin kwantenar nan!"

Mai kwamfuta ya duba yana tofar da jini. Shi ya bar gurbin nauyi a rumbun bayanai sakaka, kowa na zuba abin da ya ga dama: lamba, kwanan wata, har surutu. A layin kwantenar wani ya rubuta "nauyi sosai". Na'ura ba ta ga lamba ba, ta ɗauka sifili ne, ta ce a ɗaga. Igiya ta tsinke.

"Sifili," in ji mai kwamfuta.

Direba ya ja shi waje da kwala. "To zo ka ɗaga sifilin daga kan Yayana."