Tulun da Aka Tono Babu Ango

A taƙaice, al'amarin shi ne: a wata na tara, hukumar tsara gari ta sanar da mazauna wani lungu a garin Shaoxing na ƙasar Sin cewa za a rushe gidajensu, kuma duk abin da mutum ya bari a ƙarƙashin ƙasa ya zama rabon motar rusau. Sanarwar ba ta ambaci Lou Genfa ba, amma shi ta fi shafa.

Shekara talatin da huɗu ke nan da Lou ya binne tulun giyar shinkafa a gindin bishiyar tsakar gidansa, ranar da 'yarsa Peijun ta cika wata ɗaya a duniya. Ya rufe bakinsa da ganyen bado, ya liƙe da laka, kamar yadda kowane uba ke yi. Ba a tono irin wannan tulu sai ranar auren yarinya, kuma ludayin farko na mahaifin ango ne. Sai dai Peijun ta zama likitar haƙori a Hangzhou, tana cikin ƙoshin lafiya da walwala, ba ta kuma nuna alamar neman ango ba. A wurin Lou, tono tulun tamkar sa hannu ne a takardar fid da rai.

Maƙwabcinsa Qiao, mutumin Shanxi ta arewa wanda shekara arba'in a kudu ba su raba shi da giyar dawa ba, ya leƙo ta katanga.

"Tsoho Lou, bar musu shi. Ruwan shayin nan naku har wani abin binnewa ne? Tamu kurɓa ɗaya, kunnenka ya yi zafi."

"Taku ta wanke ciwo ce," in ji Lou. "Wa ya taɓa cin ƙaguwa da wuta?"

A nan Lou ke da gaskiya. Ƙaguwa abinci ne mai sanyi ga ciki, abokiyarta giyar shinkafa ce da aka ɗumama da citta. Giyar dawa sai nama mai kitse.

Ana saura kwana biyu a yi rusau, Peijun ta iso da kwandon ƙaguwa da shebur.

"Baba, ko ka tono ko in tono."

"Sai in ce wa mutane bikin wa ake yi?"

"Ka ce musu tulun ne ya gaji da jira. Ni ban gaji ba."

Suka tono. Da aka fasa lakar, sai ga giyar ta ƙafe ta koma kashi ɗaya cikin uku, baƙa, mai kauri kamar zuma, ƙamshinta ya kai har bakin lungu. Irin wannan ba ta shawuwa sai an sirka ta da sabuwa. Lou ya sirka, ya ɗumama, ya yanka citta. Sannan ya cika ludayin farko, ya tsaya da shi a hannu. Tsawon shekarun nan ya tanadi jawabin da zai yi wa surukinsa, bai tanadi abin da zai yi idan babu surukin ba.

"Miƙo nan," in ji Qiao. "Na yarda in zama surukinka na yini ɗaya, kyauta."

"Da in haɗa zuri'a da kai, gara in zuba wa bishiya."

Ya dubi 'yarsa, wadda laka ta ɓata wa takalmin asibiti. A al'ada, ludayin nan na mahaifin ango ne, domin gidansa ne zai riƙe ta daga yau. Ya yi lissafi, ya ga tun tuni ita ke riƙe da kanta, har da shi. Ya miƙa mata da hannu biyu.

Ta sha, ta ɓare ƙaguwa, ta sa masa gwaiduwar a kwanonsa. Qiao ya ce giyar ba ta da ƙarfi, ya kuma nemi ƙari sau huɗu.

Abin da ya tafi: tulu ɗaya, ƙaguwa takwas, takalmi ƙafa biyu, bishiya guda, da jawabi ɗaya da ba a karanta ba.