Ciwon da Ke Zuwa da La'asar

"Ƙanƙara?" Tasalla ta maimaita, tana kallon likitar. "Ta sha za a ba ta?"

"A'a, Inna. Ki dai samo mini ita cikin leda. Ana saidawa a bakin ƙofar lopital."

Tasalla ta gyara mayafi ta fita, ba don ta gane ba. Ta baro maƙwabciyarta Maijidda kwance, fatar idanunta ta sauko ta rufe su kamar mai gyangyaɗi, alhali tana jin duk abin da ake faɗi.

Katanga ɗaya ta raba gidajensu a Sabon Gari. Maijidda zogale take dafawa ta sayar, mijinta Ilyasu ne ke kawo mata ganyen daga gonarsa ta Jiratawa. Bayan damina abin ya fara. Da safe garau take, ta yi shara, ta daka ƙuli, har ta leƙo ta katanga su yi hira. La'asar na yi sai ido ya faɗi, murya ta koma cikin hanci, loma ta ƙi wucewa. Gari ya waye kuma ta tashi kamar ba ita ba.

An yi mata maganin zazzaɓi, an auna hawan jini, an yi analiz iri-iri, wato gwaje-gwajen asibiti, duka suka fito lafiya. Da yake da safe ake ganin likita, kullum lafiyayyar mace suke kaiwa. Wani ma cewa ya yi gajiya ce. Tani, gwaggon Maijidda, ta zo daga Tsibiri da turaren hayaƙi, ta ce ciwon da ke jiran rana ta karkata ba na allura ba ne, masu dawa ne suka taɓa ta. Tasalla ba ta yarda ba, ba ta kuma iya musawa ba.

Sai ranar da ruwa ya sarƙe Maijidda aka kwantar da ita. Wannan likita, Dokta Zuliha, ta gan ta da safe, ta ce za ta dawo da yamma. Ta kuwa dawo.

Da Tasalla ta kawo ƙanƙarar, likitar ta naɗe ta da ƙyalle ta ɗora a kan idanun Maijidda na ɗan lokaci. Da ta ɗauke, idanun suka buɗe tar.

"Tasalla," Maijidda ta ce, "ashe mayafina kika sa."

Ilyasu ya miƙe tsaye yana salati. "Dokta, ta warke ke nan?"

"Ba ta warke ba, Malam. Yanzu za su sake rufewa. Amma na fara sanin abin da ke damunta."

Ta ce sunan ciwon miyasteni, kuma ba kasafai ake ganinsa ba. Jiki ne da kansa ke tare saƙon da jijiya ke kai wa tsoka, shi ya sa in ta yi aiki ƙarfin ke ƙarewa, in ta huta ya dawo. Sanyi yana ɗan buɗe hanyar ne kawai.

"Jikinta ke yaƙar ta?" Tani ta tambaya. "To wa ya sa shi?"

"Wannan ne ban sani ba, Iya."

Tani ta gyaɗa kai, kamar an gaskata maganarta.

An ɗauki jini aka aika Yamai, aka fara ba ta wasu ƙananan ƙwayoyi farare. Suka kuwa yi aiki. Maijidda ta koma gida, ta ci tuwo da yamma a tsakar gida, mata na shigowa kallo. Tani ta ce hayaƙinta ne, Ilyasu ya ce saukar Alƙur'anin da aka yi ce, Tasalla ta ce ƙwayoyin ne, amma a ranta tana jin ko dukansu ne.

Likitar ta ja musu kunne: ko tari ta yi a dawo da ita, kada a saya mata magani a kanti. Da mura ta kama ta, ba su ɓata lokaci ba. Ranar ma Maijidda da kanta ta yi wanki, ta hau bayan moton Ilyasu tana tsokanar Tasalla cewa ta rage mata miya.

Ashe murar ta sauka ƙirji, aka sake kwantar da ita a lopital. Washegari numfashi ya fara yi mata nauyi, aka kai ta ɗakin da ba a shiga, aka sa mata na'urar numfashi. Tasalla ta zauna a baranda, ranta a kwance, don hantsi ne, lokacin ƙarfin Maijidda. Ta ma aika gida a dama kunu.

Kafin azahar Dokta Zuliha ta fito, ta durƙusa gaban Ilyasu ta yi masa magana a hankali. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya rufe fuska da hularsa.

Tasalla ta riƙo hannun rigar likitar. "'Yata, ba kin gano ciwon ba? Ba ga maganin tana sha ba?"

"Na gano shi, Inna. Tsokar da ke jan numfashi ce ta gaji, ciwon ƙirjin kuma ya fi ƙarfinta."

"Amma da safe ne fa."

Idanun likitar sun yi ja.

A zaman makoki kowace mace ta shigo sai ta tambayi Tasalla, tunda ita ta yi jinya.

"Wai mi ya same ta? Ba an ce ta samu sauƙi ba?"

Tasalla ta nemi sunan ciwon a bakinta, ya ɓace mata. Ta fara bayanin jijiya da tsoka, ta ga kallon da ake mata, ta bar zancen.

"Kwana ne ya ƙare," Tani ta ce daga gefe. Matan suka amsa da Allah ya jiƙanta.

Da mutane suka ragu, Tasalla ta zaga bayan ɗaki don ta yi alwala. Wankin Maijidda na nan a kan igiya, babu wanda ya tuna da shi: zane biyu, ɗankwali, da rigar gonar Ilyasu. Sun bushe har sun yi tauri. Ta sauke su ɗaya bayan ɗaya, ta kakkaɓe, ta ninke. Sai ta tsaya rungume da su a ƙirji, tana duban ƙofar ɗakin, ba ta san wanda za ta miƙa wa ba.