Jan Turke a Gonar Muhuyi

Gonar Muhuyi tana gindin wani dutse kudu da Doguwa, a kan hanyar Riruwai. Ta gado ce. Daga ƙarshenta akwai tsofaffin ramukan da Turawan Ingila suka bari tun zamanin haƙar kuza, yanzu ba komai a cikinsu sai ruwa da kwaɗi.

Ana tsakiyar girbin masara sai ga motar ƙanensa Garzali, mai haya a tashar Tudun Wada, ta tsaya a bakin gonar. Wani ɗan China ya fito, tare da tafintansa, wani siririn mutum mai yawan murmushi da ya ce sunansa Ukasha.

"Sannu da aiki, Malam," in ji Ukasha. "Baƙonmu duwatsu kawai zai duba, ba zai taka maka ko kara ɗaya ba."

Mutumin ya zagaya ramukan yana tsintar duwatsu yana zubawa a leda. Bayan sun tafi Muhuyi ya tarar da turke mai jan fenti an kafa a kan iyakarsa, ba wanda ya gaya masa.

Bai gama kai masara gida ba sai ga motar Garzali kuma, wannan karon da wata Baturiya mai maganar Amurkawa da wata budurwa mai yi mata fassara. Suka ce daga wata ƙungiya suke mai gwada ruwan rijiyoyi. Amma tambayoyin da aka yi masa ba na ruwa ba ne. Sau nawa ɗan Chinan ya zo? Wane rami ya fi daɗewa a bakinsa? Ya zo da inji? Sai da suka juya za su tafi budurwar ta tuna, ta koma da gudu ta ɗebi ruwa a kwalba.

A ƙofar masallaci bayan La'asar ba a zancen komai sai wannan. Wani ya ce ya ji a rediyo China da Amurka suna rububin wani dutse da ake yin batirin mota da shi. Wani ya ce to ai ba a rasa mai nuna musu hanya ba, tunda mota ɗaya ke kawo su. Ba a ambaci suna ba, amma kowa ya kalli Muhuyi.

Da Garzali ya zo gaida mahaifiyarsu, Inna Uwani, Muhuyi ya same shi a ɗakinta.

"Wa ya gaya wa mutanen nan akwai ramuka a gonarmu?"

"Yaya, ni direba ne. Duk wanda ya yi shata sai in kai shi inda ya ce. Da taswirarsu suka zo a waya, har kukar bakin gona tana ciki."

"Su biyun duk kai suka samu, cikin motocin tasha kaf?"

"Tawa ce ke iya hanyar nan da damina da rani, kai ma ka sani."

Inna Uwani tana gyaran wake a faifai, ba ta ɗago kai ba. Ba ta kiran sunan Muhuyi, don shi ne ɗan fari. Ta ce wa Garzali, "Gaya wa yayanka, babana a ramukan nan ya yi aikin tilas lokacin da Ingilishi ke yaƙi da Jamus. Bai taɓa ganin Bajamushe ba, amma yaƙin ya bar masa tarin da ya mutu da shi. Su kuma da ƙarfinsu ya ƙare suka kwashe injinansu suka bar mana ramuka. Kada ku yarda rigimar wasu ta shigo mini ɗaki."

Zuciyar Muhuyi dai ba ta kwanta ba. Da ya rako Garzali bakin mota sai ya rage murya ya ce masa ya tsinci wani dutse mai ƙyalli, fari da ratsin shuɗi, a ƙaramin ramin arewa, kuma kada ya gaya wa kowa. Ƙarya ce. Ramin arewa ko kuza ba a taɓa samu a cikinsa ba. So yake ya ga inda maganar za ta ɓullo.

Ba a yi sati ba ɗan Chinan ya dawo a wata motar, ya wuce manyan ramukan ko kallo babu, ya nufi na arewa. Washegari mutanen ƙungiyar ruwa suka zo, su ma can suka nufa. Abin da ya fi ɗaure wa Muhuyi kai shi ne, wanda ke yi wa Baturiyar fassara ranar Ukasha ne. Ya gaishe shi da murmushin nan nasa, kamar bai taɓa zuwa da wani ba.

Muhuyi ya hau babur har tashar Tudun Wada. Garzali ya rantse da Allah bai faɗa wa kowa ba. Can ya ce watakila ta wayar da Ukasha ya ba shi kyauta aka ji, don tana aljihunsa lokacin da suke maganar. Ya ciro ta ya miƙa masa. Muhuyi ya jujjuya ta a hannu. Waya ce kamar kowace waya.

"Ko kuma a gidanka aka ji, Yaya," in ji Garzali. "Bayan katanga muka tsaya."

Muhuyi ya mayar masa da wayar ya tafi. A hanya ya riƙa tuna waɗanda ke tsakar gida ranar, ya rasa wanda zai cire daga zargi.

Kafin ruwan farko baƙin duka suka ɗauke ƙafa. Wasu suka ce an ƙwace lasisin ɗan Chinan a Abuja an ba wasu, wasu suka ce shi ne ya saye na waɗancan. Garzali ya mayar da hayarsa hanyar Kiru, sai ran Juma'a yake zuwa gaida Inna. Suna gaisawa da yayansa, su ci tuwo a kwano ɗaya, amma Muhuyi ba ya zancen gona in yana wurin.

Ranar da ya fita shuka ya tarar an ajiye kwantena a gindin dutsen, da wani dattijo mai gadi zaune a inuwarta. Muhuyi ya yi masa sallama, suka gaisa, ya tambaye shi na waɗanne ne a ciki, 'yan China ko Amurkawa.

"Wallahi Malam ban sani ba," in ji dattijon. "A Kano aka ɗauke ni. An dai ce kada in bar kowa ya hau dutsen."