Yashin Injiniya Ibrahimu

Shekara tara muka yi ni da Isiyaku muna yashe kanal tsakanin Kura da Bunkure. Aikin ba shi da wani sirri: in yashi da laka suka taru a hanyar ruwa, ruwa ba zai kai gonakin alkama ba, sai mu shiga da shebur mu kwashe. Leburori ne mu, ran da babu aiki babu mu. Kuma duk cikinmu babu wanda ya kai Isiyaku tsabtar aiki. In ya bar kanal, sai ka ga siminti fes kamar an lashe.

A 1984 aka kawo mana Injiniya Ibrahimu, wanda ya yi karatu a waje ya dawo da wata ɗabi'a ta masu hutu. A falonsa akwai wani akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, da kifayen teku shuɗɗa da rawaya waɗanda ko miya ba za su yi ba. A ƙasan akwatin kuwa yashi ne, wai tun daga bakin teku a Legas aka ɗauko shi. Mu muna zubar da yashi kullum, shi har mota ya sa a kawo masa.

Da zai tafi kwas na wata biyu, sai ya kira Isiyaku ya damƙa masa akwatin. Ya nuna masa yadda ake ba kifin abinci, da ƙara ruwa, da goge gilashi, da tayar da janareta in an ɗauke wuta. Yashi kuwa ko ambatonsa bai yi ba. Sannan ya ce, "Malam Isiyaku, in na dawo na tarar da su lafiya, aikin ƙofar ruwa ta yamma naka ne."

Mai buɗe ƙofar ruwa ma'aikaci ne na dindindin, da keke, da fansho, kuma ƙafarsa ba ta taɓa laka. Isiyaku ya haura hamsin, ƙafafunsa duk faso da cin ruwa. Matarsa Indo har ta fara gaya wa maƙwabta.

Ran da Injiniya ya cika wata ɗaya da tafiya, Isiyaku ya ja ni gidan da hantsi.

"Ɗanladi, don Allah dubi ƙasan nan," in ji shi.

Na duƙa na duba. Yashin ya yi duhu, gansakuka ta hau shi, ga wasu 'yan tsutsotsi suna leƙowa suna komawa, ga ƙananan katantanwa suna yawo. Raina ya ɓaci.

"Mutumina, wannan ai ƙazanta ce," na ce. "In Yallaɓai ya dawo ya ga haka, me za ka ce masa? Kai da ba ka barin ko cokali ɗaya na laka a kanal?"

Ni na faɗi haka, ba wani ba, kuma wallahi da zuciya ɗaya na faɗa.

Muka kwashe kifin da ruwansu a daro. Isiyaku ya kwashe yashin tas, ya wanke shi da ruwan rijiya har sau bakwai, ya tace da rariyar Indo, ya watsa wa kaji tsutsotsin. Ya shanya shi a tabarma har la'asar. Da muka mayar, yashin ya yi fari ƙal, har muka tsaya muna yaba kanmu.

Kwana uku ruwan ya fara yin hazo-hazo. Kifin suka daina cin abinci, suna hawowa sama suna buɗe baki. Isiyaku ya ɗauka saura datti ne, ya sake wanke yashin. Kafin mako ya zagayo babu ko ɗaya mai motsi.

Injiniya bai yi ihu ba da ya dawo, kuma da ya yi ihun da ya fi sauƙi. Ya daɗe yana kallon farin yashin, sannan ya ce, "Abubuwan da ka ba kaji su ne ke cinye dattin ruwan. Shekara biyu ina rainon yashin nan. Wa ya ce ka taɓa shi?"

Ina tsaye a bakin ƙofa. Isiyaku ya ɗan juyo ya dube ni, ya mayar da kansa ƙasa.

"Babu kowa, ranka ya daɗe. Ni na ga ya yi datti."

Ban buɗe baki ba. Na sha gaya wa kaina cewa ko na yi magana kifin ba za su tashi ba, amma na san ba don haka na yi shiru ba.

Injiniya ya ce wa Isiyaku ya kwashe yashinsa ya tafi. Indo ta riƙa goge tukwane da shi, tana cewa ba ta taɓa samun mai fitar da baƙin tukunya irinsa ba.

Ƙofar ruwa ta yamma dai dole a ba wani, kuma bayan Isiyaku ni ne na fi daɗewa. Kowace safiya nakan bi gefen kanal a kan keke, mabuɗi rataye a wuyana. Isiyaku yana ciki, laka har gwiwa. Sai ya dogara da shebur ya ɗaga mini hannu.

"Barka da asuba, Malam Ɗanladi. A ɗan jinkirta sakin ruwan, ban gama nan ba."